Ɗakin Inna da Sallahun Mutane

A hanyar dawowa daga Shiling, garin masu ɗinka jakunkuna a gefen Guangzhou ta ƙasar Chana, na fara ganinsa. Na je duba jakunkunan da na ba da aiki, direban tasi ya guje wa cunkoso ya bi da ni ta wani lungu, sai ga fili cike da motoci akori-kura, kowace da farin akwati a goye. Ina kallo wani ɗan Chana ya ɓalle sakatu, ya tura murfin akwatin sama da hannu ɗaya, abu ya miƙe ya zama ɗaki, da bangon tamfol da tagogi masu raga. Na daki kujerar direba na ce ya tsaya.

Inna ce ta faɗo mini a rai. Tun da ta zame a banɗaki ƙugunta ya goce, zaman mota ya gagare ta, ko asibiti za a kai ta sai ta yi hawaye kafin a isa. Yayarta kuwa, wadda muke kira Inna Babba, tana can ƙauyensu gaba da Gumel, ido ya tafi, ƙafa ta tafi, ita ma ba inda za ta. Hanyar ƙauyen yashi ce da kwazazzabai, ƙaramar mota ba ta shiga. Su biyu suka rage cikin 'yan ɗakinsu, kuma duk wayar da muka yi da Inna sai ta ce, "Anya zan sake riƙe hannun Yaya kuwa?" Ƙanena yana da akori-kura mai cin yashi. Na ce a raina, tunda tafiyar zaune ta gagara, Inna za ta tafi a kwance.

Na sha wahalar ɗakin nan fiye da yadda na sha ta aurar da 'yata. Su 'yan Chana sun ƙera shi ne don samari masu son kwana a daji, gadon yana can sama, sai an taka tsani. Na ce a sauko da shi ƙasa, daidai gwiwa. Mai wurin, wanda kowa ke ce wa lawban, wato maigida, ya girgiza kai ya ce "me yo", babu. Duk abin da na tambaya "me yo" ne, sai na zauna a kan kujerarsa na ƙi tashi, washegari in tarar an yi. Haka na sa aka kafa ƙarfen riƙewa a jikin bango. Aka sa famfo ƙasa-ƙasa yadda za ta yi alwala daga bakin gado, aka sa fo mai murfi a ƙarƙashin benci, da labulen da zai kare ta. A kan rufi aka ɗora sola don fanka da ɗan ƙaramin firij na magungunanta. Katifa kuwa da bayana na zaɓe ta. Na yi ta kwanciya a shagunan mutane da mayafina, 'yan mata masu tsaron shago suna ɗaukata a waya suna dariya, ban kula su ba.

Da aka gama, aka kai shi siton ejan ɗinmu mai tura mana kaya gida, ya jira kwantena. Ejan ɗin ɗan unguwarmu ne a Kano, magidanci mai ladabi, a gabana aka yi masa kaciya. Na ba shi makulli ɗaya saboda masu duba kaya, na ce masa, "Ko allura ban yarda a sa a ciki ba." Ya ce, "Haba Hajiya, wa zai taɓa?"

To, zancen duniya ba ya ɓuya, balle na Guangzhou. A gidan abincin da muke haɗuwa a bayan titin Huanshi Lu, kafin tuwo ya huce kowa ya san Hajiya mai jakunkuna za ta tura ɗaki gida, kuma ɗakin fanko ne. Wanda bai zauna da 'yan kasuwarmu a can ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Mu da muke cusa safa cikin takalmi, mu cusa takalmin cikin tukunya, mu cusa tukunyar cikin firij, a ce wuri guda zai ƙetare teku ba komai a cikinsa? A wurinsu wannan almubazzaranci ne da ya kamata liman ya yi huɗuba a kansa.

Aka fara tare ni a hanya. "Hajiya, ɗan sallahu ne, ba nauyi." "Hajiya, 'yar leda ce kawai, ta matar yayana." Wani mutumin Maraɗi har da rantsuwa, wai nasa ko kaza za ta ɗauka. Kowa na ce masa ya yi haƙuri, gadon mara lafiya ne. Sai su ce, "Allah ya ba ta lafiya," su wuce ba musu. Na yi ta mamakin sauƙin kansu. Ashe sun gano wanda makulli ke hannunsa.

Ana gobe za a yi lodi na tafi siton da zannuwan gado da sabuwar buta. Tun daga ƙofa na hango abin da ya tsayar da ni. Rufin ɗakin bai zauna ba, gefe ɗaya ya ɗaga, an zagaye shi da igiyar ɗaure kaya an tamke. A kan gilashin sola ga sawun takalmi, ma'ana wani ƙato ya hau ya yi tsalle don murfin ya rufu. Ejan yana ganina ya tuna yana da waya, ya manna ta a kunne ya nufi bayan katan-katan.

Na yanke igiyar na buɗe ƙofa. Warin da ya buge ni, har yau in na tuna sai yawu ya taru mini a baki. Zafin Guangzhou irin mai ɗanɗanon nan ne, ga wuri a rufe, komai ya dahu a ciki. Tun daga ƙasa har rufi kaya ne, kowane ƙunshi an naɗe shi da salatif an rubuta suna da lambar waya da baƙin alƙalami. Katan ɗin man bilicin ya fashe a kan katifa, ya narke ya shige ta, ya bar wani rawayan tabo kamar na gyambo. Galan ɗin gam na masu takalmi ya kwanta ya tsiyaye, ya liƙe labule da ƙarfen riƙewa. Na buɗe firij na tarar da gashin kanti a cushe. Na ɗaga murfin fo, fon da uwata za ta zauna a kai, ga agogunan hannu cike fal. Wani ƙarfen injin markaɗe ya huda tamfol ya leƙo waje, ɗaya daga cikin sandunan da ke ɗaga rufin ya lanƙwashe. Masu cusa kayan ma sun ci shinkafarsu a ciki sun manta da robar, ta yi fumfuna, da na taɓa ta da ƙafa kyankyasai suka watse cikin famfon alwala.

Na fita na yi kakarin amai a bakin kwata. Da na dawo ban yi shawara da kowa ba. Na naɗe mayafina a ƙugu na shiga wurgo kaya waje, ƙunshi bayan ƙunshi, wanda ya fashe ya fashe. Leburorin siton suka tsaya suna kallo, ɗaya yana ta cewa "lawban, lawban" yana ɗaga hannu. Wallahi daɗi na ji, musamman da agogunan suka tarwatse a kan siminti.

Ina cikin haka Alhaji ya iso, ejan ne ya kira shi. Alhajin nan dattijo ne a cikinmu, ya fi kowa daɗewa a garin, shi ya tarbe ni a zuwana na farko ya nuna mini hanyar Shiling. Man bilicin ɗin nasa ne, da injin markaɗen. Ya dubi kayan a ƙasa, ya dube ni, ya gyara hula.

"Hajiya, lafiya? Iskar Chana za ki kai Kano?"

"Alhaji, gadon mahaifiyata ne. Na gaya muku."

"Ai ba a kanta muka ɗora ba. In ya isa a sauke, a kakkaɓe, shi ke nan. Ni na ce wa yaron nan ya buɗe, na ce Hajiya tamu ce."

Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ja shi har bakin ƙofa na nuna masa katifar, na ce ya shinshina. Na tambaye shi ko zai kwantar da tasa uwar a kan wannan ƙazanta. Na ce masa da girmansa da gemunsa, man sauya fatar 'ya'yan mutane yake fataucinsa, kuma bai sami inda zai ɓoye shi ba sai shimfiɗar tsohuwa. Ya sa aka tattara nasa, ya juya ya ce, "Allah ya huci zuciyarki," irin faɗin da ya fi zagi ciwo.

Na fasa lodin, na mayar da ɗakin wurin lawban. Ya leƙa ciki ya toshe hanci, ya dube ni kamar ni na yi. Aka sake tamfol da sanda da labule, aka wanke famfo da ruwan zafi, na koma yawon kwanciya a shaguna har na sami wata katifar. A gidan abinci kuwa in na shiga sai hira ta mutu. Ban damu ba, na ci tuwona na tashi.

Ran nan da hantsi ina masauki sai ga wayar Inna. Ko gaisuwa ba ta bari na ƙarasa ba.

"Ke, da gaske ne kin zubar da sallahun mutane a ƙasa?"

Ashe matar Alhaji ta je dubiya, da 'yar lemonta a leda, ta zauna ta kwashe labari tas ta juye mata.

"Inna, gadonki suka ɓata. Da kin ga abin da..."

"Ni na aike ki? Mahaifinki har ɗan akuya an taɓa ba shi sallahu zuwa Ikko, a cinyarsa ya riƙe shi cikin jirgin ƙasa, bai jefar ba. Ke ce za ki fara a zuriyarmu?"

Na yi mata bayanin gam, na yi na kyankyasai. Ta bari na gama, sannan ta ce, a hankali, "In fanko za ki kawo shi, bar shi can. Ba zan kwanta a inda aka kori kayan mutane saboda ni ba. Da wane ido zan dubi masu zuwa gaishe ni? Yaya kuwa, in ba mu gana a nan ba, ma gana a can."

Na san Inna. In ta faɗi magana da wannan muryar, ko duka malaman Kano aka tara ba za ta janye ba. Na zauna a bakin gado na yi kuka na takaici, na share fuska, na ɗauki mayafi.

Ɗaki ɗaki na bi masaukan mutanenmu, tun daga Huanshi Lu har Liuhua Lu, ina ƙwanƙwasa ƙofa ina cewa a yi haƙuri a kawo sallahu. Ni da aka ɓata wa kaya, ni ke ba da haƙuri. Wasu har da jan aji, wai sai sun duba ko sun riga sun ba wani. Mai agoguna ya ce biyu sun fashe amma ya yafe, na ce na gode, ina ji kamar in shaƙe shi. Wurin Alhaji na je a ƙarshe. Ya yi murmushi ya ce, "Ai na san ke 'yar gidan mutunci ce," ya kawo man bilicin ɗinsa da injinsa, ya ƙara da wani katan da babu shi a karon farko.

Da hannuna na shirya su. Na naɗe katifar da leda rufi-rufi, na ɗaure bakin galan ɗin gam da tsumma, ina yi ina tsaki, ejan yana miƙo mini kaya kansa a ƙasa. Fo kaɗai na hana, na zauna a kansa har aka zo rufe ƙofa.

Ina Shiling wata tafiyar, cikin warin fata da ƙarar kekunan ɗinki, ƙanena ya turo mini hoto ranar da suka kama hanyar ƙauye. Na buɗe da ɗokina. Ga Inna a kwance a kan gefenta mai ciwo, ta takure a jikin bango, sauran gadon buhunan maƙwabta ne da ƙullin atamfofi da jarkar manja, duk na 'yan uwansu da ke ƙauyukan hanya. Ƙarfen da na sa don ta riƙe, an rataye masa ledar kifi.

Sun isa. Ƙanena ya ce da aka shigar da Inna wurin yayarta, Inna Babba ta yi ta shafa fuskarta da hannu biyu. Bayan sun dawo Inna ta yi makonni ba ta iya juyi sai an juya ta. Da ta ɗan samu sauƙi na kira ta, na tambaye ta yadda ta ji ɗakin, ina jiran ko sau ɗaya ta ce katifar da laushi.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, na ga Yaya. Sai dai ɗakin naki ya yi kaɗan. Kayan mutum biyu muka bari a ƙofar gida, har yanzu kunyarsu nake ji."