Yadda Hajiya Ta Hana Yayana Ciniki

Yayana tela ne, kuma duk faɗin unguwarmu ta Nima ban san wanda ya kai shi son ciniki ba. Ba kuɗin ne ya dame shi ba, cinikin kansa yake so. Mace za ta kawo atamfa, ya juya ta, ya murza ta da yatsa, ya faɗi kuɗin da shi kansa ya san ba mai biya. Ita ta riƙe baki ta ce gara ta tafi wurin telolin unguwar Maamobi. Shi ya ce Allah ya kiyaye hanya. Sai ta kai bakin ƙofa, ta ɗan tsaya tana gyara mayafi, sannan ya kira ta. Kullum sai ya kira. Daga ƙarshe su tsaya a inda kowa ya san za a tsaya tun farko, su rabu suna dariya. Haka babanmu ya yi a wannan shago, haka ya koya masa. A wurinsu, wanda ya faɗi farashinsa na ƙarshe tun a bakin farko, ko dai sabon shiga ne, ko kuma ya raina mai saye.

Shagon shi ne ɗakin gaba na gidanmu, mai kallon titi. Na girma da ƙarar kekunan ɗinki a kunnena, har sai sun yi shiru nake lura da su. Shekarun nan kuwa shirun ya yi yawa. Gwanjo ya cika gari, ga kayan da ake shigowa da su a ɗinke, masu arha. Aiki sai da Sallah ko in ana biki. Waɗanda suka koyi ɗinki a hannunsa suka watse, wani ya koma tuƙa babur, wani ya tafi gadi. Sai wani mai sayar da wayoyi daga unguwar Kokomlemle ya fara zarya, yana son shagon, ya ce har kekunan zai samo musu mai saye. Yayana kuma ya haɗu da wani dillali mai kai mutane ƙasashen Larabawa aikin direba. Mahaifiyarmu ta tsufa, sai kawai ta daina fitowa da kujerarta bakin shago da yamma. Ni malamar makaranta ce, kuma ban iya irin wannan haƙurin ba. Na ce masa in ya sayar da kekunan Baba, kada ya ƙara kirana ƙanwarsa. Ya ce to in kawo masa aiki.

Ya taɓa neman aikin ƙaramar hukuma, wadda mu a nan muke ce wa Asambili. Sun sanar cewa suna neman mai ɗinka wa masu sharar titi kayan aiki. Ya rubuta kuɗinsa, ya rufe, ya kai. Daga nan ya shiga saka babbar rigarsa ta Juma'a kowace safiya, yana zaune a shago da waya a hannu, yana jiran a kira shi a zauna a yi magana. Ba wanda ya kira. Daga baya aka ji wani kamfani daga can cikin gari ya samu. Yayana ya ce ai dama ba sa ba ɗan Zongo, wato irinmu na unguwannin Hausawa. Duk masu zama a bencin ƙofar shago suka ce ƙwarai kuwa, ni ma na yarda.

Da aka sake sanar da aikin, sai wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wata Hajiya a Maamobi. Ta yi shekaru a ofishin da ke yi wa Asambili sayayya, ta yi ritaya, ta dawo gida. Maimakon ta huta, sai ta mai da tsakar gidanta wurin koya wa mutanen unguwa yadda ake neman aikin gwamnati. Ba ta karɓar ko kwabo. Ranar Asabar na ja yayana muka je, yana ta ƙunƙuni a hanya.

Mun tarar da tsakar gidan cike. Ga masu walda, ga kafintoci, ga wata mai gasa burodi, ga matan da ke dafa shinkafa da wake suna son ciyar da 'yan makaranta. Hajiya gajeriya ce, da tabarau a kan hanci, tana zaune a kan kujerar roba tana ɓare gyaɗa tana yi wa wani kafinta faɗa. Da layi ya zo kanmu, ta saurari yayana har ya gama zagin Asambili, sannan ta tambaye shi abin da ya rubuta a wancan karon. Ya faɗa mata. Ta ajiye gyaɗar.

"Kaya na siliki za ka ɗinka musu?"

"A'a, Hajiya. Na sa na ciniki ne a sama. In sun kira ni sai mu sauko."

Ta yi dariya har tari ya kama ta, aka kawo mata ruwa. "Ɗana, ka zaci Kasuwar Malam Atta ce? Wa zai kira ka? Akwati ne, da kwaɗo. Kowa ya jefa nasa, ranar buɗewa a karanta a gaban kowa, sau ɗaya, shi ke nan. Abin da ka rubuta shi ne bakinka na farko, shi ne na ƙarshe."

Yayana ya ce wannan ai rashin mutunci ne. Ta ce ko ma mene ne, haka ake yi.

"Ba zan ce maka babu son kai a can ba," in ji ta. "Na zauna a ciki, na gani paa, da idona. Amma kai ba a ma kai ga zaluntarka ba. Kai ka fitar da kanka tun a ƙofa."

A hanyar komawa ya ce mini, "Wannan Hajiya ta cika baki." Amma Asabar ta gaba ya riga ni shiri.

Na ga mutane masu taimako a rayuwata, yawancinsu da baki suke yi. Ita da ƙafa take yi. Ta gano shagon Baba ba shi da rajista, tun zamaninsa sunansa ne rajistarsa. Ta shiga turoturo, motar hayarmu, da yayana, da ciwon gwiwarta, suka yi ta yawon ofisoshi har aka yi rajistar aka gyara maganar haraji. Ta ce ya je ya tsaya a bakin titi da sassafe ya kalli masu shara suna aiki, ya tambaye su inda kayansu ke fara yagewa. Ya je, suka nuna masa hammata da gwiwa, ya dawo ya ɗinka samfuri mai ninki biyu a wuraren. Wannan bai ba shi wahala ba, hannunsa ba ya ƙarya.

Inda aka sha fama shi ne farashi. Hajiya ta sa shi ya haɗa yadi da zare da maɓalli da wuta da haƙƙin masu taya shi, ya ɗora ribarsa ta halal. Yana gamawa sai hannunsa ya ƙara wani abu a sama.

"Wannan fa?"

"Ko da za su taya, Hajiya."

Ta soke. Ya koma gida ya sake, ya ɓoye na cinikin a cikin kuɗin zare. Ta gano, ta tambaye shi ko zaren na zinariya ne. Da ta gaji, sai ta kafa masa doka: daga yau har ranar jefa takarda, duk wanda ya shigo shagonsa farashi ɗaya zai faɗa masa, don bakinsa ya saba.

Wannan doka ta kusa raba mu da unguwa. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda tun Baba na raye take kawo ɗinki, ta zo da yadi. Ya faɗa mata kuɗin gaskiya, ƙasa da abin da ta saba biya bayan an ja. Ta ce ya rage. Ya ce babu ragi. Ta tafi bakin ƙofa ta tsaya, ta gyara mayafi har sau nawa, yayana yana zaune yana gumi, ya danne bakinsa. Ta wuce kai tsaye cikin gida wurin mahaifiyarmu, ta ce yaron nan ya fara girman kai, ko magana ba ya son yi da mutane. Sai da aka haɗa da ba ta haƙuri da koko da ƙosai. Da Hajiya ta ji, ta ce dokar ta yi aikinta, a ɗage wa tsofaffi.

Abu ɗaya ya roƙe ta ta ƙi. Ya ce tunda ta san mutanen ofishin, ta ɗan yi masa magana. Nan na ga fuskarta ta canza. Ta ce in ta yi masa magana yau, gobe wani zai yi wa nasa magana a kansa, kuma duk waɗannan da ke zaune a tsakar gidanta sun tashi a banza. Na ji haushinta a lokacin, don ni kekunan Baba nake tunani. Yanzu wannan ƙin ne ya fi komai girma a idona.

Ranar buɗe akwati na nemi izini a makaranta na bi su. Zaure ne mai fanka, da safe. Wakilan kamfanoni sun zo da kwat, yayana ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a, Hajiya ta zauna a bayansa kamar uwar da ta rako ɗa asibiti. Aka nuna wa kowa kwaɗon, aka buɗe. Wani jami'i ya riƙa ɗauka yana karanta suna da farashi, wata tana rubutawa. Da aka zo kan shagonmu, aka faɗi kuɗin da ƙarfi a gaban baƙi, yayana ya sunkuyar da kai. Tela bai taɓa jin an faɗi farashinsa na ƙarshe a bainar jama'a ba.

Yawancinsu sun fi shi tsada. Har na fara murmushi, sai aka karanta na wani kamfani, ya ɗan gaza nasa. Na ga kafaɗar yayana ta motsa. Ya fara miƙewa, hannu a sama, bakinsa ya riga ya buɗe: "Masta, ai za a iya..." Hajiya ta cafke gefen babbar rigar ta ja shi ƙasa.

"Zauna."

"Hajiya, kaɗan ne fa ya fi ni. In na sauko..."

"Na ce zauna."

Ya zauna. Har aka tashi ba ta saki rigar ba.

A waje ya yi ta faɗa. Ya ce da ta bar shi da ya gama da su a nan take, shi da ba ya barin mai saye ya wuce. Ta bar shi ya huce, sannan ta ce ko ya yi magana ba mai ji, kunya kawai zai sha. Kuma abin da ya rubuta shi ne gaskiyar aikin, in ya sauka ƙasa da shi, da hannunsa zai ɗinka wa kansa asara. Ta ce saura a duba samfuri da takardun kowa, ya je ya jira.

Jiran ya yi mana tsawo. Dillali ya riƙa kira yana cewa gurbi zai cika. Mai wayoyi ya zo har da abin awo, yana auna bango inda zai kafa kantar wayoyinsa. Na tarar da shi, na ce ya fitar mana da abinsa, gidan ba marayu ba ne. Yayana bai hana shi ba, bai hana ni ba. Na ji tsoro sosai a kwanakin nan, don na san ya fara haɗa kaya a zuciyarsa.

Sai ga kira daga Asambili. An ba shi aikin. An ce yadin da mai arhar ya kawo bai kai wanda aka nema ba. Na tambayi Hajiya ko ta san da haka tun farko, ta ce ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba. Da bai samu ba ma, in ji ta, da sun sake nema a karo na gaba.

Ya aika aka kira mutanensa, mai babur ya ajiye babur. Shago ya cika da yadi ruwan lemo har ba wurin taka ƙafa. Hajiya ta zo ganin aiki, ta taho da leshinta na biki a ɗinka mata. Yayana ya ce kyauta ne, ta ce ba ta so. Sai ya faɗa mata farashi ɗaya, na gaskiya, yana jin kansa ɗalibi mai ƙoƙari. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Ni za ka yi wa haka? Nan Asambili ne? Fara daga sama, mu yi ciniki kamar mutane."

Suka ja har la'asar, kuma ta ci shi.

Bayan tafiyarta ne mai wayoyi ya shigo. Ya ga kekuna suna gudu, amma ya ce aikin gwamnati na ɗan lokaci ne, ya ƙara a kan tayinsa, ƙari mai kyau. Mahaifiyarmu tana bakin shago a kan kujerarta, tana ji. Yayana ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Albarka."

Mutumin ya yi dariya, don shi ma ya san yadda ake yi a shagon nan. Ya juya a hankali, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana duba wayarsa, yana jiran a kira shi. Na dubi yayana, mahaifiyarmu ma ta juyo ta dube shi. Ya gyara hammatar rigar da ke ƙarƙashin allura, ya taka keken Baba, bai ɗago kai ba.