Facin Yaya Bukar

Wata Talata ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu. Na dawo daga makarantar allo na tarar da yayana Bukar a tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Sheshe a Kano, ya tsoma tub ɗin kekensa cikin daron wankin Iya. Daga jikin baƙar robar wasu ƙananan kumfa suke tasowa a jere, kamar an tsinke duwatsun wuyan amarya a ƙarƙashin ruwa. Na tsaya da allona a hannu ina kallo, har kajin Iya suka zagaye ni ban kore su ba. A raina na ce robar ce take ajiyar zuciya.

Keken tsere ne, shuɗi, mai siraran tayoyi, kuma a lungunmu babu irinsa. Abokan Yaya sun shirya tafiya Daura a kan kekuna bayan Sallah, shi kuwa ba ya maganar komai sai ita. Baba bai ce a'a ba, sharaɗi ya kafa: "Wanda bai iya faci da hannunsa ba, ba zai fita bayan ganuwa ba." Sai facin ya kwana ya yini da iska a ciki, sannan a yi zancen tafiya.

Yaya ya samo gwangwanin alawa ya zuba kayansa: sholisho, guntun samfefa, da faci da ya yayyanka daga tsohon tub da almakashin ɗinkin Iya. Cokulanta biyu ma suka ɓata, sai ga su a gwangwanin, wai da ƙotarsu ake ɓamɓare taya. Abokansa suka ce ya bar wahala, ya riƙe sabon tub kawai. Baba ya ce, "Idan ƙaya ta biyu ta same ka fa, Malam Bukar?"

Matsalar Yaya gaggawa. Yana shafa sholisho sai ya danna faci tun yana ɗanye, da safe a tarar da taya a kwance. Ya canza sholisho, ya zagi robar, ya ce aljanun lungu ne. Sallah tana matsowa, abinci ya daina shiga cikinsa. Ni ma na damu, domin na riga na fara satar karanta littattafan soyayyar 'yan matan gidanmu, na kuma yanke cewa a hanyar Daura wata kyakkyawa tana bakin rijiya tana jiran mai shuɗin keke.

Iya ce ta gaji da kallonsa. Da ya shafa sholisho wata safiya, ta dire masa kofin kunun tsamiya yana tururi. "Kada ka taɓa robar nan sai ka shanye, sarkin sauri." Ya hura, ya kurɓa, ya ƙona harshe, muna dariya. Kafin ya ga gindin kofin sholishon ya sha iska, ƙyallinsa ya dushe. Ya ɗora faci ya murza da bayan cokali. Washegari Baba ya fito daga masallaci, ya matsa tayar da babban yatsa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya je ya dawo baƙi ƙirin, da faci sababbi a tayoyin biyu. Na tambaye shi labarin rijiya, ya ce awaki kawai ya gani. Na yi kwanaki ina jin haushinsa.

Yanzu masu keken tsere sun yi yawa a Kano, da hulunan kwano da riguna masu ɗaukar ido, kuma na ji facinsu ma da kansa yake mannewa, babu jira. Yaya Bukar kuwa gwiwa ta hana shi hawa tun da daɗewa. Ran Lahadi da hantsi yakan dogara sanda ya fita bakin titin Mandawari ya zauna a benci. Idan suka wuce sai ya ɗaga sandar ya ce, "Ɗan samari, ta baya ba iska!" Ba mai waiwayowa. Shi dai murmushi yake yi, yana bin su da ido har su sha kwana.