Matar da Ta Sa Iya Bong Ta Karɓi Kati

Ƙarfe shida na safe, kafin masu kifi su gama watsa ƙanƙara, za ka ji ƙarar babur ɗin Tak Myongsuk a ƙofar kasuwarmu ta bakin gada a Busan. Jaka ɗaya take ratayawa: naɗin takardar rasit, ƙaramin sukudireba, da na'urar busar da gashi. Ba don gashinta ba. Na'urorin biyan kuɗi da kati na masu kifi ne ruwan gishiri ke shiga cikinsu su sume, sai ta tsuguna ta yi ta busa su har su farfaɗo. Shekara ashirin da biyu tana wannan zagaye, rumfa rumfa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye jakar, gwiwa ta ce ya isa haka.

Ni Maeng Dokchil ba na yabon mutum. Ina ɗan shekara tara na sauko garin nan daga jirgin 'yan gudun yaƙi, ƙafa ba takalmi. Na yi dakon ƙanƙara shekara arba'in, sau biyu guguwar teku ta kwashe rufin ɗakina ta bar ni a tsaye. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a haifi mai ilmin da zai cuce ni a sikeli ba. In irina ya ce mutum ya yi aiki, ku rubuta ku ajiye.

Ayyukanta da yawa, amma na Iya Bong zan ba ku, don a gabana aka yi.

Iya Bong busassun ƙananan kifi take sayarwa tun kafin a haifi Myongsuk. Kowa ya sa na'ura, ita ta ƙi. Yaran yanzu kuwa ba sa yawo da kuɗi. Mutum zai tsaya, ya ɗanɗana, ya yaba, sannan ya yi tambayar nan mai kalma biyu, "Kadu dweyo?" Wato, ana karɓar kati? Sai Iya ta ɗaure fuska ta girgiza kai. Ya wuce gaba. In shi ne na farko a ranar, har gishiri take watsa masa a baya don ta kori rashin sa'a. Gishirinta ya fi kifinta saurin ƙarewa.

Ɗanta ya zo daga Seoul ya ga buhuna a cike. Ya ce, "Mama, in har bikin kaka ya zo rumfar nan tana haka, zan rufe ta. Akwai ɗaki a gidana, hawa na goma sha tara."

"Hawa na goma sha tara? Ka binne ni a ƙasa mana, ya fi kusa."

Kowa ya ce tsoron na'urar take ji.  Myongsuk kuwa ta jawo kujera ta zauna gefenta, safiya uku a jere, tana taya ta cire kawunan kifi. Ba ta ko ambaci kati ba. A rana ta uku wani ya yi sayayyar farko da takardar kuɗi ta won dubu. Iya ta karɓa, ta yi mata tuf tuf, ta goga a gashinta, ta soke a ɗamara, fuskarta ta washe.

Myongsuk ta ce, "Iya, ashe wannan ne."

"Wanne?"

"Cinikin farko."

"To da fa? Shekara hamsin ban taɓa buɗe rana ban tofa wa kuɗin farko ba. In na sa na'urarki, na farko ya zo da kati, me zan tofa wa? Katin ɗan mutane? Ya kira mini ɗan sanda?"

Ni dai tun farko na san wannan ne dalili, ba a tambaye ni ba ne kawai.

Washegari, Iya ba ta gama ɗaga tamfol ba, sai ga Myongsuk ta dire na'ura a kan buhu, ta ja da baya, ta gyara murya kamar baƙuwa.

"Iya, ana karɓar kati?"

"Ke 'yar nan, da sassafe za ki ɓata mini rana? Ina gishirina?"

"Ni ce ta farko fa. In na juya ban saya ba, ke kika san abin da zai biyo."

Myongsuk ta kama ta a hannu. Iya ta yi tsaki, ta auna awo guda tana gunaguni. Myongsuk ta zura katinta a na'urar, ta kama yatsan Iya ta ɗora a kan koren maɓalli. Na'ura ta yi ƙara ta turo takarda, da ɗuminta.

"Ga shi. Tofa."

Iya ta juya takardar gaba da baya. "Wannan ai ba kuɗi ba ne. Ko hoton mutum babu."

"Hoton da ke kan kuɗin na wani malami ne da ya mutu tun kaka da kakanni, bai san ki ba. Wannan kuwa, duba nan."

Iya ba ta iya karatu, amma ta san zanen sunanta. Ga shi nan a sama, baƙi a kan fari: Bong Mallyon. Tun a ofis Myongsuk ta tsaya sai da aka buga shi da manyan baƙaƙe. Iya ta daɗe tana kallo. Na ce, "Yaya, tofa mana, ko yawu ya ƙare?"

"Rufe mini baki, tsohon ɗan dako."

Tuf, tuf. Ta goga a gashi. Duk layin ya ɗauki tafi, mai sayar da ƙaguwa har da buga bokiti.

Da bikin kaka ya zo, ɗan ya iso da babbar mota don kwasar kaya. Ya tarar da layi. Ya tsaya a baya yana jiran a kula shi, sai uwar ta hango shi ta ɗaga murya: "Malam, in saye za ka yi, ana karɓar kati. In kwasa ka zo yi, ba ma karɓa." Shi kaɗai ya koma Seoul, da buhun kifi a bayan mota, kuma sai da ya biya.

Myongsuk, ke ce mai zama kafin ki yi magana. Ke ce ba ki taɓa ce wa tsoho bai waye ba. Da wani ne, da ya manna takarda a bango ya ce an koya mana, ya tafi. Ke kika ɓata safiya uku da ƙarnin kifi a hannu don ki gano abin da ke tsorata tsohuwa ɗaya. Mun gode, mu duka, har da ni da ban saba faɗa ba. Je ki huta da gwiwar nan.

Ku kuma masu zuwa bayanta da sababbin na'urori, ku jawo kujera tukuna. Akwai guda a gefen Iya Bong. Shekararta tamanin da shida yanzu, tana nan a rumfarta, a ƙasa, inda take so.