Bulalar da Labbo Ya Ajiye Shekara Goma Sha Biyu

Labbo Bafulatanin Wanke ne. Na san shi tun ina koyarwa a can, yana koro shanun ubansa ta bayan makaranta, dogo, marar magana, gaisuwarsa da ka kawai.

A kakar 1985 aka yi shaɗi a Tsafe. Ƙa'idar wasan a fili take: saurayi ya tuɓe riga, ya riƙe madubi, abokin karawarsa ya zuba masa bulala, kada ya motsa, kada ya yi ƙwalla. Sannan mai dukan ya tsaya a rama. Wani Buba ya yi wa Labbo uku. Kafin ramuwa sai bijimi ya tsinke, taro ya watse. Washegari Labbo ya bi garke kudu cin rani. Da ya dawo bayan wata shida ya tarar Buba ya baza cewa kuka ya yi ya gudu, har mata a rijiya na kiransa Labbo Ƙwalla.

Bai yi musu da kowa ba. Ya yanko bulalar tsamiya ya soke a rufin bukkarsa, duk kaka yana shafa mata man shanu.

A watan Maris na 1998 Habiba, matar marigayi Garba malamin gona, ta gaya masa mijinta ya ɗauki shaɗin nan da kyamara. Ta ba shi kaset ɗin, ya yi fari fat da fumfuna. Labbo ya kawo wa maƙwabcina a Damba, Malam Sahabi mai gyaran talabijin, wanda ya haɗa bidiyo da kwamfuta a ɗakinsa.

Kwana tara Sahabi ya yi yana warware zaren kaset ɗin, yana gogewa da auduga da sifirit, yana liƙe inda ya tsinke. Kullum Labbo na bakin ƙofa a tsugunne.

"Malam, ya hito?"

"Haba Labbo, shekara goma sha biyu ka jira, Talata ce za ta gagare ka?"

Ran Talata hoton ya shiga kwamfuta. Sahabi ya riƙa tsayar da shi ɗaya bayan ɗaya. Bulala ta farko, ta biyu, ta uku: Labbo na kallon madubi, ido a bushe, har da murmushi. A gefen hagu akwai wani duhu. Sahabi ya ƙara haske, sai ga Buba yana ɗare bayan motar hatsi, tun bijimin bai tsinke ba.

"Maida baya," in ji Labbo. Sau bakwai aka maida.

Sahabi ya juye a sabon kaset. Ranar kasuwar Bungudu, inda Buba ya zama dillalin shanu, Labbo ya sa aka kafa talabijin da janareta a rumfar mai shayi bayan la'asar. Ni ma na je. Fulani suka cika wurin, Buba na gaba da tumbinsa, bai san abin da za a nuna ba. Da aka zo kan motar hatsi, duk ido ya koma kan Buba. Labbo ya zaro bulalar daga cikin riga.

"Buba, tuɓe."

"Haba Labbo, mun girma. Ni alhaji ne hwa."

"Ukku ka yi mani. Tuɓe."

Buba ya waiwaya, babu wanda ya sa baki. Ya ja da baya, ya tare ɗan kabu-kabu ya haye, takalminsa ɗaya a ƙasa.

Wani dattijo ya ce, "Wanga kuma kaset ne, ko shi ne da kansa?" Aka fashe da dariya.

Daga ranar ban ƙara jin an ce Labbo Ƙwalla ba. Shi kuwa dillalin ya zama Buba Bayan Mota. Na tambayi Labbo ko yanzu zai jefar da bulalar, ya ce sunansa ne ya dawo, bashin ukun na nan. Bana ma ya shafa mata mai.