Koken da Aka Amsa da Amin

Shekarun baya, lokacin da majalisar dokokin jiharmu ta fara zama, na samu aikin buga tafireta a ofishin kwamitin da ke karɓar koke-koken jama'a. Komai sabo ne a lokacin. Kujeru ma ba su ishe mu ba, wanda ya riga zuwa shi ke zama. Zancen Shari'a ya cika gari, ƙudurori na shigowa ana fassara su, ana yi musu karatu na ɗaya da na biyu, malamai na shiga suna fita da littattafai a hammata. Ni kuwa ban iya zama wuri ɗaya ba. Duk takardar da aka ba ni in buga sai in ji ta bushe kamar kara. A aljihun teburina akwai littattafan soyayya da nake haya a kasuwa, kuma na yi imani wata rana zan rubuta abin da zai sa 'yan majalisa su share hawaye da hannun riga.

Ana haka sai kawuna ya zo daga ƙauyenmu, can bayan Moriki. Akwai rafi tsakanin garinmu da hanyar mota. Da damina ta kankama sai ya yanke mu: hatsi ba ya fita kasuwa, mara lafiya sai ya zauna bakin ruwa a amalanke yana jiran ya janye. Mutanen gari sun ji cewa kwamitinmu zai zauna a Kaura Namoda ya saurari jama'ar Kaura da Shinkafi da Zurmi, kuma abin da ya shiga rahotonsa ne kawai za a duba wajen tsara ayyukan shekara.

"Tunda kana ciki, kai za ka rubuta muna," in ji kawu. "Ba wani dogon zance ba ne, kwalbati muke so. Na hwaɗa ma mutane ɗanmu na majalisa, sunka ce to magana ta ƙare."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Kwana uku ina rubutu ina yagewa, ina tashi ina zagaya ofis. Na fito da shafi uku. A ciki rafin ya zama maƙiyi mai baƙar zuciya, ƙauyenmu ya zama masoyiyar da ke tsaye a tsallake tana duban hanya har idonta ya ƙafe. Kalmar kwalbati kuwa na cire ta. Ta yi mini nauyi a baki, ba ta zauna da sauran kalmomin ba.

Na kai wa maigidana, wato akawun kwamiti, dattijo ne da ya daɗe a aikin gwamnati tun muna tare da Sakkwato. Yana saurin shiga zaure ya juya shafukan a tsaye, ya miƙo mini.

"Ka iya rubutu, amma ina fireya? Koke babu fireya ba ya shiga. Ka gyara."

Na ce, "To, Yallaɓai." Ya wuce.

Kalmar Turanci ce, kuma a makaranta an koya mana ma'anarta addu'a. Na ɗan yi shakka, na tashi zan bi shi in tambaya, na kai bakin ƙofa na dawo. Yaya mai shafi uku zai ce bai san kalma ɗaya ba? Kuma abin ya zauna mini daidai: a zamanin da kowane zama da addu'a ake buɗe shi, ai dole koke ma ya zo da tasa. Na ƙara shafi na huɗu, addu'a zalla. Har wajen wani malami na je ya gyara mini Larabcin.

Ranar zaman, tun da hantsi zauren ya cika. Kawu ya zo da dattawa shida a bayan a-kori-kura, duk sun sa rigunan Juma'a. Na kasa zama. In leƙa waje, in dawo, in duba takardar, in sake duba ta. 'Yan kasuwar Shinkafi suka gabatar da nasu, makiyaya daga wajen Jangeru suka yi maganar burtali, kowanne bai wuce rabin shafi ba. A raina ina tausaya musu.

Da aka zo kanmu, shugaban kwamiti ya ce in karanta, tunda masu koken ba su yi boko ba. Na karanta da murya irin wadda na daɗe ina gwadawa. Da na shiga shafi na huɗu, sai jama'a suka ɗaga hannuwa. Duk inda na tsaya a ce amin. Kawu ma na ji aminsa ta fi ta kowa ƙarfi. Na gama aka shafa.

Shugaba ya shafa tasa, ya gyara tabarau, ya juya takardar har bayanta.

"Amin, amin. To, mi kuke so?"

Ban gane ba.

"Malam, wanga duka Allah kunka roƙa, kuma Shi mai amsawa ne. Mu nan mi za mu yi muku?"

Dariya ta tashi daga baya ta gangaro gaba. Wani ɗan majalisa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɗauka ɗaurin aure anka gayyato mu." Maigidana ya matso kusa da kunnena ya ce fireya a aikin majalisa ita ce buƙata, abin da mai koke yake so a yi masa, a rubuce, a fili. Shugaba ya ce ƙa'ida ce, koken da babu buƙata a cikinsa mayar da shi ake yi, sai wani zagaye. Wani zagayen kuwa sai bayan an gama tsara ayyuka.

Na dubi kawu. Bai dube ni ba. Dattawan da ya zo da su ne ke dubansa.

Ɗan majalisar da ya yi mini ba'a shi ya ɗaga hannu, ya nemi a ba mu ɗan lokaci mu gyara kafin a rufe zama. Wani ya goya masa baya, aka amince. Muka fita baranda. Na ɗora takarda a gwiwa, na fara, "Ya ku ma'abota adalci, waɗanda..."

Kawu ya dafe biron.

"Ɗana, wanga karon abin da na hwaɗi shi za ka rubuta. Ko ɗigo kar ka ƙara."

Ya faɗa na rubuta: muna roƙon a yi mana kwalbati a rafin garinmu. Ya ambaci sunan rafin da na gari. Ya dangwala yatsa, sauran suka dangwala. Layi biyu. Shugaba ya karanta ya ce, "Yauwa, yanzu munka ji," ya sa hannu.

Ni na buga rahoton da muka koma Gusau. Aikin bai zo da wuri ba, sai da muka sake cin wata damina. Duk ranar da hadari ya haɗu a waccan shekarar, sai in tashi daga tebur in tsaya taga, ina tunanin wa ke bakin ruwa yau. Daga baya aka yi kwalbatin, yana nan har yanzu. Kawu bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Dattawan ne dai suka sa mini suna Limamin Majalisa, kuma ya bi ni.

In na tuna, ba dariyar zauren ke hana ni sakat ba. Tsayuwar nan ce da na yi a bakin ƙofa na juyo. Gari guda ya aza amanarsa a kaina, kuma abin da ke tsakaninsu da buƙatarsu bai wuce in ce, "Yallaɓai, me kake nufi?" ba. Yau furfura ta fito mini, amma ko a gaban wa nake, in ban gane ba sai na tambaya, ko da za a yi dariya.