Kaset ɗin da ya ƙi shiga rediyon Mama Laraba

Jiya da rana ina durƙushe gaban akwatin 'yan kwaya, wato mawaƙan cocinmu na Madakiya, ina ta tonon tsofaffin kaset kamar kaza a bola.

Ni ke kula da kwamfutar ofis, mai aiki da manhajar Linux. Wani ya goge fayil ɗin waƙoƙin da marigayi Baba Dauda ya yi shekaru yana juyawa zuwa yaren Bajju, ga shi Lahadi za a rera su a sujadar tunawa da shi. Duk ƙarshen wata nakan kwafe komai a kan tef ɗin ajiyar bayanai mai kama da kaset, amma da na buɗe durowa, wayam!

Ashe matan ƙungiyar Zumunta ta coci ne suka yi shara, suka ga tef ɗin, suka ɗauka kaset ɗin waƙa ne, suka kai wa 'yan kwaya.

Mama Laraba, matar marigayin, ita ta zo ta zaro shi daga cikin akwatin.

"Ɗana, wannan kake nema? Ai ya lalace. Na kai gida, ya ƙi shiga rediyona, na dawo da shi."

"Mama, ba na rediyo ba ne. Rubutun Baba ne a ciki."

Sai ta miƙo min shi da hannu biyu.

Na sa shi a na'urar karanta tef, na ba da umarnin maido da fayil. Tef ba ya gaggawa, sai da ya yi ta juyi kafin waƙoƙin su dawo cif. Na buga mata shafin farko. Layi ɗaya ta duba, ta ninke takardar, ta rera har ƙarshe da ka.

Ashe akwai kwafin da tsintsiya ba ta kai gare shi ba. Ku fa, wa ke riƙe da naku a gida?