Ƙafar Hagun Baba Gangara

Mai raba ƙwai na layinmu, Baba Gangara ake ce masa, kuma da guminsa ya ci sunan. Motarsa tsohuwa ce mai giyar hannu. Kik ɗinta, abin da ke tayar da ita da makulli, ya mutu tun 'yarsa Auta tana rarrafe, bai kuwa gyara ba. In an yi magana sai ya ce, “In gyara me, alhali Allah ya yi gangara kyauta?”

Gidan hayar ma don yana kan tudu ya kama shi. Da safe sai ya saki birkin hannu, motar ta silalo shiru kamar ɓarauniya, ya jefa giya ta biyu, ya ɗaga kuloci, ta yi tari ta kama. Ranar da wani ya tare masa gaba kuwa, duk layi ne ke shan turi: tela, mai aski, har mai kantin magani da ke kukan ciwon baya sai ya ɗora hannu ɗaya don kar a ce bai yi ba.

Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, mutumin ya iya tuƙi. Ya loda kiret-kiret daga gonar kaji har rufin mota, ya bi kantuna yana saukewa, ko ƙwai ɗaya ba ya tsagewa. Yana sauya giya kamar mai shafa kan jariri. Motar ba ta shan mai, gyaranta kowane bakanike ya sani. Masu otomatik kuwa ba su da daraja a idonsa.

“Wannan ai ba tuƙi ba ne,” in ji shi. “Zama ne a kujera mai taya.”

Sai gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Ta kumbura ta yi suntum, in ya taka kuloci a cunkoso har hawaye yake matsewa yana cewa hayaƙi ne. Likita ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya bar kuloci, ko ya bar tuƙi.

Ya gwada zaman gida, bai yiwu ba. Ya zauna a ƙofar kicin yana koya wa matarsa yanka albasa, matar da ta yi shekara da shekaru tana ciyar da shi. Ga masu kantuna suna ta kira, wasu har sun fara karɓar ƙwai a hannun wani. Uwargida ta ɗauki waya ta kira Auta.

“Ki zo ki sama wa ubanki abin yi, ko ni ki sama mini wurin zama.”

Auta da mijinta suka haɗa kai, aka sayar da tsohuwar, aka ciko, aka kawo otomatik wadda aka taɓa hawa. Baba ya zagaya ta, ya leƙa ƙasan sitiyari.

“Ina ɗaya abin takawar? Sun sayar muku da mota ba ta cika ba.”

“Baba, haka take,” in ji Auta. “Ƙafar dama kaɗai za ta yi aiki. Ta hagu ta yi ritaya.”

To, ita ƙafar ba wanda ya gaya mata. Ranar farko ya lodo ƙwai, yana ta murmushi shi kaɗai don motar ta tashi da makulli. Yana isa mararraba, ƙafar hagu ta ɗaga da kanta ta nemi kuloci, ta sami birki, ta danna shi har ƙasa. Motar ta ƙame. Ƙwai bai ƙame ba.

Ya shigo layi gwaiduwa na bin ƙeyarsa, ɓawo a kan kafaɗa. Mai aski ya fito da tawul a hannu.

“Baba, sannu da hanya. A soya ka ne, ko a dafa?”

“Ka bari in sauko, ɗan banza, ka ga wanda za a soya.”

Washegari ma haka, sai dai ɓarnar ba ta kai ta farko ba. Mai babban kantin bakin titi, wanda ya fi kowa saye, ya ce masa, “Dattijo, ni ƙwai nake so da ɓawonsa. In ba za ka iya ba, ka faɗa, ba faɗa.” Wannan maganar ta fi gwiwar yi masa ciwo. Ya dawo ya zauna a cikin motar bai fito ba, yana kallon ƙafar kamar ɗan da ya jawo masa abin kunya.

Uwargida ta leƙo ta taga.

“Maigida, abinci na hucewa.”

“Ƙafar nan ba ta jin magana.”

“Akuyar da ba ta jin magana me ake yi mata?”

Da safe sai ga ta da tsohon ɗankwali. Ta durƙusa, ta zagaya masa shi a idon sawu, ta ɗaure a ƙarfen ƙarƙashin kujera.

“Ke, a gaban mutane? Ni za ki turke?”

“Ba kai ba, ita. Kai je ka nemo mana abinci.”

Ranar ƙafar ta yi ta fizga a kowace mararraba, ɗankwali na cewa ina! Ƙwai ya isa lafiya lau. Mai babban kanti ya duba kiret ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ce gobe a ƙaro. Sau ɗaya kawai Baba ya manta ya yunƙura zai fita, ya rataye a bakin ƙofa yana salati, tela kuwa ya yi dariya har allura ta soke shi.

Ba wai ya daina ƙorafi ba. Ya ce motar tana shan mai kamar raƙumi, bakanike in ya ji sunanta sai ya gyara zama kafin ya faɗi kuɗi. Ranar da batir ya mutu muka tura ta har ƙarshen layi, ko tari ba ta yi ba, sai da aka kawo wani batir. Amma cunkoson kasuwa da yake gudu a da, yanzu shiga yake yana gaisa da mutane ta taga. Gwiwa ta saɓe, masu kantunan da suka tafi sun dawo da kansu.

Ƙafar dai ta daɗe da koyon zama. Auta ta ce a daina ɗaurin nan, abin dariya ne. Amma har yau kullum safiya sai ya zauna ya buɗe ƙofa, ya miƙo ƙafar, ya ƙwala kira. Uwargida kuma ta fito tana goge hannu.

“Maigida, ai ta warke da wannan halin.”

“Ke dai ɗaura. Ba ki san ta ba, munafuka ce.”

Ta ɗaure, ta ɗan bubbuga gwiwar, ta ce Allah ya tsare. Sannan ya murɗa makulli.